Neman shawara: abokina ya tambaye ni na ce ban sani ba, ga fita bishara ranar Asabar

Fita Magazin:
Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo, tun jiya nake rubutawa ina gogewa. Na daɗe a gurup ɗin nan amma ban taɓa cewa komai ba sai amin amin.

Ni haifaffen Aboabo ne nan Kumasi. Babana Frafra ne daga Bolga, ya zo neman kuɗi tun kafin a haife ni, gadi ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, mamata kuma koko da ƙosai take sayarwa a bakin hanya. Gidan haya muka tashi mai ɗaki goma sha huɗu, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Gaskiya Hausa ce yarena, Frafra ɗin ina ji amma in na mayar sai dangi su yi ta dariya. Har makarantar allo na taɓa bin yara ina ƙarami sai da babana ya ji labari ya zane ni. Da salla a kawo mana nama da tuwo, da Kirsimeti mamata ta dafa shinkafa ta raba ɗaki ɗaki, haka muka tashi ba wanda ya taɓa jin kanmu.

To akwai abokina, ɗakinsu yana kallon namu, rana ɗaya aka kai mu Suame Magazin, unguwar garejin gyaran motoci, wurin masta ɗaya, ni na tsaya a fita, wato makanikanci, shi ya koma wayarin mota. Musulmi ne na gaske ba ya wasa da salla, kuma bai taɓa ce mini kafiri ba ko da wasa. Lokacin da jak ya zame mota ta danne mini ƙafa shi ya ɗauke ni a bayansa har bakin titi.

Shekara uku ke nan da na ba da raina ga Yesu da gaske, kafin nan Kiristan Kirsimeti ne kawai, ina sha ina yawo. An yi mini baftisma, bana kuma Osofo, wato fastonmu, ya ce ni zan jagoranci matasa fita bishara a zango tunda ni ne mai Hausa, sauran duk Twi ne da Turanci.

Ɗan abokin nan nawa mai shekara shida, sikila gare shi, ya rasu sati uku da suka wuce. Da ni aka kai shi maƙabartar Tafo. Bayan addu'ar bakwai muna bes, wato majalisar hirarmu, da dare muna shan ataya kowa ya watse saura mu biyu, sai ya ce mini, kai ka ce kun yi addu'a a cocinku, to ina amsar? Mu mun ce Allah ya karɓi abinsa, ku me kuke cewa? Ba da faɗa ya yi ba, a hankali ya tambaya, da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki ba abin da ya fito, na ce wallahi ban sani ba. Ana haka sai ƙaninsa ya zo da wasu yara, shi wannan kullum yana kan bidiyon Ahmed Deedat a waya, ya ji ƙarshen maganar sai ya ɗora, in Yesu Allah ne me ya sa ya ce bai san ranar tashin duniya ba, kuma Baibul naku littafi 66 na 'yan Roman Katolika 73, wanne ne Allah ya saukar. Nan ma na yi shiru. Yaran suka yi dariya. Abokina bai yi ba, ya tashi ya shiga gida.

Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina ji kamar na kunyata Yesu a gaban mutane. Ga Asabar ɗin nan za mu fita unguwar Sawaba ni ne a gaba. In je in gaya wa Osofo ya sa wani, ko in daure? Mutumin da bai iya amsa abokinsa ba me zai gaya wa baƙo?

Maman Tagwaye:
Ayya ɗana sannu. Allah ya ba iyayen haƙuri. Amma tsaya, ya ce "ka ce kun yi addu'a", me ka gaya masa ne lokacin da yaron yake kwance?

Evanjelis Tafo:
Ƙanina, zan gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. E, ka yi kuskure. 1 Bitrus 3:15 ta ce kullum mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da ke cikinmu. Kullum aka ce, ba sai ran da ka ji daɗi ba. Shekara 22 ina wannan aiki daga Tafo zuwa Moshi Zango zuwa Akwatia Line, tambayoyin nan biyu na ji su ya fi sau ɗari, ba sabbi ba ne, haddace su yaran suke yi.

Ta farko Markus 13:32 ce. Yesu Allah ne cikakke kuma mutum ne cikakke, Filibiyawa 2 ta ce ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa, shi ya sa ya ji yunwa, ya gaji, ya yi barci a jirgi. A matsayin nan na bawa ya yi maganar. Sai kai ma ka tambaye shi, da Toma ya ce masa Ubangijina da Allahna a Yohanna 20:28 me ya sa bai kwaɓe shi ba?

Ta biyu ta fi sauƙi. Bambancin littafi 7 ne kuma duk a Tsohon Alkawari suke, Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabi na ɗaya da na biyu. Sabon Alkawari 27 ne a wurinmu 27 a wurin Katolika, labarin Yesu ɗaya ne ba wanda ya canza. Minti biyu ka gama da yaron nan.

Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, ba ka da hujjar cewa Turanci ne ya hana ka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka daina cewa wallahi, Matiyu 5:37, i ɗinka ya zama i.

Fita Magazin:
Na gode Baba, na kwafe amsoshin. Amma ina karatu fa, kullum da asuba kafin in fita gareji nakan karanta sura ɗaya, ba wai ina zaune ba ne. Wallahi ɗin kuma bakin zango ne, haka muka tashi.

'Yar Nima:
Baba Evanjelis da girmanku, kun amsa wa ƙanin amma ba ku amsa wa uban yaron ba. Tambayar mai makoki daban take da ta mai bidiyo. Ni nas ce nan Ankara, wato Accra, na ga iyayen masu sikila da yawa, mutumin da ya binne ɗa sati ɗaya ba muhawara yake nema ba. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, matsala ta fara ne ran da suka buɗe baki suna bayani, a ƙarshe ma Allah ya ce ba su faɗi daidai a kansa ba. Ni a ganina ban sani ba ɗin nan ita ce magana mafi gaskiya da aka yi a bes ɗin.

Wani abu kuma tunda kana kusa da su. In yaro ya fito SS to uwa da uba duk suna ɗauke da shi, in su biyun AS ne kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya sake fitowa SS, kowane ciki fa, ba wai in ɗaya ya fito sauran uku sun tsira ba. In suna da wasu yara a gwada su. Ba yanzu za ka faɗa ba, bari arba'in ta wuce.

Abin nan yana ci mini rai don 'yar yayata wani wurin addu'a aka kai ta aka ce a ajiye magani a nuna bangaskiya, sati biyu a kan tabarma, da aka kawo mana ita jininta ya yi ƙasa sosai sai da aka ƙara mata leda biyu. Har yau ni da yayata gaisuwa ce kawai, wai na raina bawan Allah. Kuɗin asibitin kuwa ni na biya, bawan Allah ko sidi goma bai turo ta waya ba.

Ɗan Bawku:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne "tunda kai ne mai Hausa". Haka suke mana. Shekara tara ina cocinmu a Asafo, ba a taɓa sa ni ko karanta sanarwa ba, in na amsa waya da Hausa a harabar coci sai ka ga ana juyowa kamar Kramo, wato Musulmi, ya shigo leƙen asiri, wata ma ta taɓa ce mini pepeni, sunan rainin da suke kiran ɗan arewa da shi, a gaban yarana. Amma ran da za a shiga zango sai a tuna da kai, kai ne gaba, in an yi jifa kanka ne. Su su koma Ahodwo su kwanta, kai kuma a unguwar za ka kwana. Ka ce ba ka yi kawai.

Fita Magazin:
A'a yaya, namu ba haka ba ne, ana girmama ni gaskiya. Ni na nuna ina so ma.

Baƙon Jos:
Ku mutanen Ghana ba ku san irin ni'imar da kuke ciki ba. Ina Jos a watan Satumba na 2001, abin da idona ya gani ba zan rubuta a nan ba. Na zo nan na ga Limamin ƙasa Sheikh Sharubutu da shekara ɗari a duniya ya shiga cocin Christ the King a Ankara ranar Ista ta 2019 ya zauna, na kira gida na faɗa aka ce ƙarya nake. Kana da aboki Musulmi da ya goya ka a baya, kuna shan shayi kofi ɗaya, don Allah kada ka ɓata wannan saboda son cin gardama. 2 Timoti 2:23 ma ta ce a guji gardamar banza. Ka yi zamanka lafiya halinka ya yi wa'azi.

Evanjelis Tafo:
Halinka ya yi wa'azi, wannan maganar ce ta kashe bishara a zango. Romawa 10:14, ƙaƙa za su ji in ba mai wa'azi? Musulmi nawa ne suka fi mu kyawun hali? Da yawa. In hali ne kawai to mu ne za mu bi su. Kuma ɗan'uwa daga Jos ba wanda ya ce a yi faɗa, ayar Bitrus ɗin da na kawo ta ƙare da tawali'u da ladabi. Ni limamai nawa nake gaisawa da su, har suna nake zuwa. Amma ban taɓa barin yaro ya yi mini tambaya na sunkuyar da kai ba.

'Yata nas, na ji ki, amma amsar makoki ma tana nan. Dauda ya yi azumi ya kwanta a ƙasa saboda ɗansa, rana ta bakwai yaron ya mutu, 2 Sama'ila 12. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya aka ce alherina ya ishe ka. A'a ma amsa ce. Da ya faɗi wannan.

'Yar Nima:
Baba labarin Dauda ai saboda zunubin uban ne yaron ya mutu. Ku ce ya je ya karanta wa mai makoki wannan??

Maman Tagwaye:
Har yanzu ba ka amsa mini ba ɗana. Me ka ce masa a asibiti?

Fita Magazin:
Mma ba ɓoyewa nake ba, ban ga kamar yana da muhimmanci ba ne. Da jikin ya yi tsanani na kai sunan yaron wurin addu'ar dare ta Juma'a, muka yi har ƙarfe huɗu, Osofo ya ce ya ga yaron a wahayi ya tashi yana buga ƙwallo. Ni kuma da murna gari na wayewa na wuce asibiti na ce masa kada ka damu an nuna wa Osofonmu, yaron nan ba zai mutu ba, da sunan Yesu zai tashi. Na ba shi ɗan man zaitun, ya karɓa ya sa a aljihu, ban san ko ya shafa ba. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Amma ni da zuciya ɗaya na yi, bangaskiya ce na nuna, ba an ce in kun roƙa ku gaskata kun samu ba?

Maman Tagwaye:
Hmmm. To ai ka ga inda gizo yake saƙa. Ba tambayar tauhidi ya yi maka ba ɗana, alkawari ka yi masa yana tambayar alkawarinsa. Magana zarar bunu ce. Ka sayi sukari da ganyen shayi ka je ka same shi shi kaɗai ka ce na faɗi abin da ban sani ba ka yafe mini. Shi ke nan. Ni da mijina ya rasu wata ta ce mini da na yi azumi sosai da bai tafi ba, shekara goma sha ɗaya yau in na gan ta a Kejetia sai in canza layi, da ta zo ta ce yi haƙuri sau ɗaya da tuni ya wuce.

Evanjelis Tafo:
To yanzu magana ta fito. Wannan ba laifin yaron nan ba ne, laifin mai wahayi ne. Maimaitawar Shari'a 18:22, in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Ƙanina ka bar wurin nan. Irinsu ne suka cika Kumasi da mai da ruwa da sitika, mu muna shan rana muna gini suna rushewa. Shadrak da abokansa cewa suka yi Allahnmu yana da iko ya cece mu, ko bai cece mu ba ma ba za mu yi sujada ga gunki ba. Wannan ce bangaskiya, ba a ba Allah oda. Amma ban yarda ka je kana ba da haƙuri kamar Yesu ne ya gaza ba, za su ɗauka ka janye. Ka je da bayani.

Fita Magazin:
Baba don Allah kada a taɓa Osofo. Lokacin da ƙafata ta karye wata biyar ban riƙe sipana ba, mutumin nan ya biya mini haya, ya zo Aboabo da kansa cikin ruwan sama. Ba mai sayar da mai ba ne, kyauta ya ba ni. Wataƙila wahayin yana nufin yaron yana wasa a sama ne mu ne ba mu gane ba.

'Yar Nima:
Kada ka kuskura ka gaya wa uban wannan fassarar.

Admin:
Tunatarwa, ba a kiran sunan fasto ko coci a nan, ba a kuma zagin addinin kowa. A ci gaba da ladabi.

Mai Ɗinki Asawase:
Ban cika magana ba amma bari in sa baki. Ni daga gidan Musulmi na fito, babana ladan ne har ya rasu. Ba wanda ya ci ni da gardama, da gardama ce da har yau ina can don na fi matar da ta kawo ni iya magana nesa ba kusa ba. Maƙwabciyata ce, ko karatu ba ta iya ba, lokacin da aurena ya mutu aka watsar mini da kaya ita ta buɗe mini ɗaki wata bakwai. Ina yi mata tambayoyi don in ƙure ta, Allah uku ne ko ɗaya, ta ce ɗaya ne, na ce to yaya uku, ta ce 'yar'uwa wannan ya fi kaina, ni dai na san wanda ya ɗauke mini tsoro. Haushi ma take ba ni. Yau shekara goma sha uku ina bin Yesu kuma in ka tsare ni in bayyana maka Triniti sai dai in yi ta kame-kame. Makahon nan na Yohanna 9 da malamai suka tsare shi da tambaya cewa ya yi ko mai zunubi ne ban sani ba, abu ɗaya na sani, dā ni makaho ne yanzu ina gani. Kai ba ka da abu ɗayan? Ka ce kana sha ka daina.

Amma kada in yi maka ƙarya, 'yan'uwana har yau ba mai cin abincina, kuma na yi addu'a a kan wannan ban ga komai ba tukuna.

Evanjelis Tafo:
Shaida mai kyau 'yar'uwa, Allah ya ƙara ƙarfi. Amma makahon ba jagoran bishara ba ne, ranar ya warke. Wanda aka ba matasa ya riƙe dole ya fi haka. Luka 6:39, makaho ba ya jan makaho.

Mai Ɗinki Asawase:
Baba ku da kuka san duka, mutum nawa kuka yi wa baftisma daga zango a shekara 22 ɗin? Tambaya ce kawai.

Evanjelis Tafo:
Ba a ƙirga wa Allah. Bulus ya shuka Afolos ya yi ban ruwa.

Ɗan Bawku:
😂😂 to ashe kowa yana da inda yake cewa ban sani ba

Baƙon Jos:
Ni dai ina nan kan bakana, Asabar ɗin nan kada ya fita. Sawaba da Aboabo nawa ne tsakani? Kafin ku naɗe lasifika labari ya kai gidan makokin cewa wanda ya ce yaro ba zai mutu ba ga shi can yana wa'azin warkarwa.

Fita Magazin:
Ba lasifika za mu ɗauka ba, gida gida ne, kuma an riga an buga takardu an kashe kuɗi, in na janye yanzu yaran za su karaya, biyu daga cikinsu ni na jawo su. Maganar ba da haƙuri kuma Mma na ji, amma ku ba ku san shi ba, ba mai son a tono magana ba ne, in na je zan iya fama masa ciwo. Kuma in na ce na yi kuskure kamar na ce Osofo ya yi ƙarya ne.

Yau da safe na hango shi a Magazin, ya aiko yaronsa ya karɓi sipana 17 a wurina. Da shi da kansa yake zuwa ya tsaya mu yi hira. Amma dai wurina ya aiko ba wurin wani ba, ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Arba'in saura kwana goma sha tara, in je ko kada in je shi ma ban yanke ba.

Maman Tagwaye:
Au har zuwa arba'in ɗin ma sai an yi shawara?

Evanjelis Tafo:
Ka zo gidana Juma'a da yamma da littafin rubutu da biro, awa uku sun isa in ɗora ka a kan tambayoyi goma da suka fi yi. Na tura maka kwatance ta inbos.

Fita Magazin:
Na gani Baba na gode. Juma'a akwai injin Sprinter da zan sauke, mai motar yana ta kira tun Litinin, in na gama da wuri zan duba.

Ɗan Bawku:
Masta tunda fita ne kai, giyabos na Urvan na gida nawa yake yanzu a Magazin?